Hirar da Aka Saka Kafin Sadakar Bakwai

Duk wanda ya ce muku hira da babban jami'in harkokin waje lambar waya ce kawai da makirufo, to bai taɓa yin ta ba, ko kuma takarda aka karanta masa ya ɗauka hira ce. Na yi aikin rediyo tun kaina yana baƙi har na yi ritaya na dawo gida Karaye, kuma a duk mutanen gwamnati ban ga masu wuyar kamu irin waɗannan ba. Kwamishinan gona idan ka miƙa masa makirufo, sai batirinka ya mutu bai gama ba. Mutumin harkokin waje kuwa an horar da shi ya yi maka magana mai daɗi ka tashi kana godiya, sai ka je situdiyo ka saurara ka tarar babu jimla ɗaya da za ka ba mai karanta labarai. Ku 'yan yanzu da kuke ganin abin wasa ne, ku saurara.

Aikin farko da aka ba ni shi ne ɗaukar jaka. Malam Tijjani ne ya koya mini aiki, wani gajeren mutum mai saurin fushi, wanda idan ka yi tari yana cikin naɗar magana sai ka gwammace ba a haife ka ba. Rikodarmu ta lokacin nauyinta ya kai na ɗan akuya, ga maɗaurin fata da ke cin kafaɗa. Kafin mu fita sai na goge bakinta da auduga, na cika aljihu da batir na ko-ta-kwana, na naɗe makirufo a tsumma don kada iska ta shiga. Idan mun dawo a kwashe maganar daga kaset zuwa babban faifai, a yanke abin da ba a so da reza, a haɗe da salatif. Kaset ɗin kuwa ba naka ba ne, na gidan rediyo ne. Da an kwashi abin da ake so sai a jefa shi cikin kwando, wani ya ɗauka ya naɗi wani abu a kai. A shekarun da abubuwa suka yi tsada aka daina sayo mana sababbi, har faɗa ake yi a kan kwandon nan.

Hirar farko da na nema da kaina, ta hanyar da aka shimfiɗa na bi. Lokacin gwamnati tana Legas, kuma soja ke mulki. Za ka rubuta takardar neman izini, ka haɗa da tambayoyinka duka, a aika wa jami'in da ke kula da 'yan jarida. Sai ka shiga zaryar gidan waya kana neman a haɗa ka da Legas, layi yana ƙara kamar ana suyar gyaɗa, sakatare yana ce maka oga yana taro. Da aka ce in zo, na hau jirgin ƙasa na tafi, na yi kwanaki ina ɗumama benci a bakin ofis. Ranar da aka shigar da ni, tambayoyina da na aika sun dawo an soke masu ƙashi, an bar mini masu romo. Na dawo Kano da “gwamnati tana nazarin lamarin” da “dangantakarmu tana ƙara ƙarfi”. Malam Tijjani ya saurara ya kashe rikodar, ya ce da na sani na zauna a gida, shi ma zai iya faɗa mini wannan kyauta.

Shi ya nuna mini ɗaya hanyar. Ya ce kowane babba da ka gani a Legas yana da ƙauye, kuma a ƙauyen akwai wanda idan ya shigo babban nan zai sauka daga kujera ya zauna a ƙasa. Wannan mutumin za ka nema, ba sakatare ba. A yankinmu abin ya zo da sauƙi, domin gidajen da suka daɗe suna aikin hakimi da dagaci su ne suka fara sa 'ya'yansu boko, su ne kuma 'ya'yan nasu suka kai manyan ofisoshi. Suna zuwa gida da Sallah, da ɗaurin aure, da rasuwa. Amma hanyar tana da dokokinta. Ba ka zuwa da rikoda a kafaɗa, a cikin babbar riga take zama. Ba ka roƙon mutumin da bakinka. Ba ka tayar da zancen aiki a tabarmar makoki, ko da kuwa shi ya tayar. Idan kuma ka samu abin da ka zo nema, to sai ka dawo ka ci gaba da zama har a tashi, don kada a ce buƙatarka ce ta kawo ka. Na yi shekaru ina bin waɗannan dokoki, kuma sun ciyar da ni.

Aikin da ba ya fita daga raina shi ne na Kurugu, wani gari kusa da Karaye. Ya faro ne daga wani dattijo manomin gyaɗa a Falgore, can wajen Rogo, ana ce masa Baba Audu. Ranar wata kasuwa ya tare ni a Karaye, an nuna masa ni an ce ga mai magana a rediyo. Ɗansa Sale ya bi wasu samarin garinsu sun tafi gabas ta ƙasa, suna aiki a hanya da niyyar su kai Makka. Shekara ta zagayo babu labari. Sai wani da ya tsere ya dawo ya ce an kama su a wata ƙasa a kan hanya saboda ba su da takardu, suna kurkukun wani gari, kuma masu tsaron sun ce ba za a sake su ba sai wani daga ofishin jakadancinmu ya zo ya ce mutanensa ne. Abin da ake buƙata ke nan, mutum ɗaya ya shiga mota ya je ya gan su.

Baba Audu ya riƙe hannuna ya ce, “Malam Lawan, ni ban san inda ake kai irin wannan kuka ba. Na je wurin mai gari, ya kai ni gidan hakimi, an ce an rubuta. Ku da kuke magana gwamnati tana ji, ka taimaka ka faɗa mata.”

Na ce, “Baba, ba maganata gwamnati take ji ba, maganar nata take ji. Amma bari in gani.”

Gaskiya na gaya masa. Idan ni na hau rediyo na ce 'yan Falgore suna kurkuku, ko a jikin kowa. Amma idan babban jami'i ya faɗa da bakinsa a rediyo cewa za a je a duba su, maganar ta zama ta gwamnati, na ƙasa da shi ba su da yadda za su yi su kwanta a kanta. Abin da ya faɗa maka a zaure kuwa yana iya mantawa kafin motarsa ta kai Zariya.

Ana cikin haka sai aka yi rasuwa a Kurugu. Mahaifiyar wani babba ce a ma'aikatar harkokin waje, wanda ya taɓa riƙe ofishin jakadancinmu a wata ƙasa, don haka kowa Jakada yake ce masa. Yayansa, Malam Inuwa, ya daɗe yana magatakarda a gidan hakimi kafin ya ajiye aiki, kuma ya san mahaifina. Na karɓi rikoda a Kano da kaset ɗaya da na ƙwato daga kwando, na sauka Karaye na hau babur. Editanmu har bakin ƙofa ya biyo ni yana cewa in tabbata na tambayi Jakada game da rigimar iyaka da ake yi lokacin da wata maƙwabciyarmu, don babu gidan rediyon da ya samu wani babba ya tanka a kai.

Na isa na cire takalmi na durƙusa a gaban Jakada.

“Ranka ya daɗe, ya muka ji da haƙuri?”

“Da godiya.”

“Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta.”

“Amin. Allah ya ba da lada.”

Abin da ya haɗa ni da Jakada ke nan har aka yi sadakar uku. Ina zaune a gefen tabarma ƙarƙashin darbejiya, rikoda tana danne mini haƙarƙari a cikin riga, gumi yana bin bayana. Motoci suna zuwa suna tafiya, a yi fatiha a shafa. Na aika wa Baba Audu, shi ma ya zo ya zauna can ƙarshen tabarma inda talakawa suke zama. Kowa ya san ni ɗan jarida ne, kowa kuma ya ga ban buɗe baki ba. Wannan zaman shi ne aikin, ba riƙe makirufo ba.

Bayan an watse daga sadakar uku na sami Malam Inuwa shi kaɗai yana alwala. Na jira ya gama, na tsuguna na zayyana masa komai, na nuna masa tsohon da ke zaune. Ya tashi ya shiga gida. Da ya fito sai ya ja ni bayan rumbu.

“Malam Lawan, na yi masa magana. Ya ce don tsohon nan zai yi, ba don ku ba. Gobe da hantsi. Amma da sharaɗi. Muryarsa ba za ta fita a rediyo ba sai an yi sadakar bakwai. Ba za a ce Hajiya ba ta kwana bakwai a ƙasa ba, ɗanta yana cikin rediyo yana zancen duniya. Ka ji ko?”

“Na ji, Malam.”

“Ba ji nake so ba. Ni na tsaya maka. Da fuskata na shiga.”

“In sha Allahu ba za ka ji kunya ba.”

Washegari a zauren ciki muka zauna, shi a kan buzu ni a ƙasa. Na fara da zancen iyaka, don ba a fara wa mutum da abu mai nauyi. Da yake a gidan ubansa yake, babu sakatare a kansa, sai ya saki jiki ya yi bayani irin wanda ban taɓa samu a Legas ba. Har akwai inda na ce masa mutanen iyaka suna cewa su ba su san inda layin yake ba, ya yi 'yar dariya ya ce shanu ma ba su sani ba. Daga nan na kawo maganar 'yan Falgore. Sai ya tambayi sunayensu da sunan garin da suke, na faɗa, ya maimaita ɗaya bayan ɗaya a gaban makirufo. Ya ce ba ya alƙawarin za a sake su, amma da ya koma zai sa a aika wa ofishin jakadancinmu na can, a tura jami'i ya je ya gan su ya tabbatar mutanenmu ne. Da na fito na gaya wa Baba Audu, sai ya zauna a ƙasa ya ɗaga hannu sama. Na ce masa ya kasa kunne a shirin yamma bayan sadakar bakwai, zai ji sunan Sale da bakin Jakada.

Rikodar nan ita kaɗai ce mai lafiya a sashenmu, dole in mayar da ita a ranar. Na shiga motar Kano na miƙa ta, na kai wa edita kaset hannu da hannu.

“Yallaɓai, an samu. Zancen iyaka yana farko, na 'yan Falgore yana biye. Amma da sharaɗi aka ba ni, ba za a saka ba sai bayan sadakar bakwai. Dattijon gidan ne ya tsaya mini.”

Ya ce, “Ba damuwa, ajiye nan.” Ko kai bai ɗaga ba.

Na maimaita masa, na kuma rubuta a jikin kaset ɗin da jan biro. Sannan na juyo Kurugu don in cika zamana kamar yadda aka koya mini.

Washegari bayan la'asar muna zaune, tabarma cike, har da baƙin da suka zo daga Rogo. Jakada yana tsakiya da carbi, Malam Inuwa a damansa. A ƙetaren hanya akwai shagon wani tela da ba ya rabuwa da rediyo. Sai na ji kiɗan buɗe shirinmu na yamma, na ji mai gabatarwa yana cewa wakilinmu ya samu zantawa ta musamman da wani babban jami'i a mahaifarsa. Kafin in motsa muryar Jakada ta cika layin, tas, kamar yana tsaye a kanmu. Masu fatiha suka tsaya da hannu a sama. Wani ya tashi da gudu zai kashe, amma kafin ya ƙetara hanya an kai wurin shanun nan, dariyar Jakada ta fito kowa ya ji.

Wani tsoho daga dangin uwarsu ya ce, ba da ƙarfi ba, “Ashe har dariya ake yi.”

Jakada ya miƙe ya shige gida, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Malam Inuwa bai ɗaga murya ba, bai kuma dube ni ba. Ya ce, “Lawan, tashi ka tafi. Allah ya ba da lada.” Tun ina saurayi mutumin nan yake ce mini Malam, ranar ya cire. Na ratsa mutane na fita, ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Da safe ina ofishin edita. Na ce masa ya yanka ni, ya yanka dattijon da ya tsaya mini. Ya jingina da kujera ya ce wani gidan yana shirin riga mu, kuma shi ba a ɗauke shi aiki don ya ƙirga kwanakin makoki ba. Bahaushe ne fa, ɗan Musulmi, an taɓa yi masa rasuwa shi ma ya zauna a tabarma. Ya san abin da ya yi sarai. Na haɗiye fushina na ce to, ɓarna ta riga ta auku, a ajiye ragowar, ta 'yan Falgore, a saka bayan bakwai, ko ita ta yi wa wani amfani.

Ya ce, “Wace ragowa? Zancen iyaka kawai aka kwashe. Wancan ai zancen ƙauye ne, wa zai saurara?”

“Ina kaset ɗin?”

Ya nuna kwando da haɓa.

Na zazzage kwandon a ƙasa na same shi, ga jan birona a jiki. Na saka na kunna. Muryar wani abokin aikinmu ce, jiya da sassafe ya ɗauka ya tafi kasuwa, yana tambayar 'yan kasuwa farashin gyaɗa da masara. Na tura gaba, na juya ɗaya gefen, na saurara har ƙarshe ko sunan mutum ɗaya ya tsira. Babu. A kan sunan Sale aka naɗi kuɗin tiyar gyaɗa.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Na ji an ce manyan Jakada sun tuhume shi kan yin magana a kan iyaka ba da izini ba, a kuma lokacin da ya ɗauki hutun makoki. Ana yin bakwai ya tafi, ba da daɗewa ba aka tura shi wata ƙasa mai nisa. Na aika masa ta hannun mutane, ban samu amsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na je gidan Malam Inuwa ba sau ɗaya ba, a ce yana barci alhali ina jin tarinsa a zaure. Labarin kuma ya zaga duk gidajen sarautar yankin, domin auratayya ce a tsakaninsu. Idan na je ɗaurin aure sai in ga ana kallon rigata. Hanyar da Malam Tijjani ya yi shekaru yana share mana, mutum ɗaya ya toshe ta da yamma ɗaya daga kan kujera. Shi kuwa editan yabo ya samu, an ce gidanmu ya riga kowa, kafin ƙarshen shekara aka ƙara masa girma.

Sai da aka fara cirar gyaɗa na iya zuwa Falgore. Na tarar da Baba Audu a gona, ya rataye wata 'yar rediyo a reshen ƙadanya. Maƙwabtansa suka ce tun ranar bakwai bai taɓa barin shirin yamma ya wuce shi ba, ko sallar la'asar a gindin bishiyar yake yi. Ya yi mini maraba, ya shimfiɗa mini buhu, ya tambayi iyali da hanya da gajiya, sannan ya ce, “Malam Lawan, mun ji ta farko. Yaushe za a saka ragowar?”

Ban ɓoye masa ba. Na gaya masa yadda ake yi da kaset, na ce an naɗi wani abu a kai.

“Har inda ya ambaci Sale?”

“Har nan, Baba.”

Ya kaɗe ƙasa daga wata gyaɗa da ke hannunsa. Can ya ce, “To ai shi da ya faɗa yana nan da ransa. Sai ka koma ka sake tambayarsa.”

Na ce, “Zan gwada, Baba.” Na kuwa gwada, har na gaji da gwadawa. Shi kuma ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyon, don lokacin shirin ya yi.

To ku da kuke tura saƙo a ba ku lokaci, ban ce ku bar wayoyinku ba. Amma ku sani duk babban da ya yarda ya buɗe muku baki, wani ne ya sa fuskarsa a tsakani, kuma sau da yawa akwai wani can ƙarshen tabarma da ransa yake rataye da abin da za a faɗa. Baba Audu ya rasu damina biyu bayan haka, ba a ji ɗuriyar Sale ba. Na je ta'aziyyarsa na zauna har aka yi bakwai, kuma wannan karon ban zo da komai a cikin riga ba.